Malam Jalo da Yarinyar Kan Allo

Malam Jalo bai fara sana'arsa da kwamfuta ba. Da fenti da burushi ya fara, a gindin wata darbejiya kusa da tashar motar Azare, inda direbobin manyan motoci ke kawo masa bayan mota ya zana musu zaki ko jirgin sama, ya rubuta addu'ar tafiya a ƙasa. Mahaifinsa Bafulatani ne daga wajen Giade. Ya so ɗan ya bi shanu, amma Jalo tun yana ƙarami in an tura shi kiwo sai a same shi durƙushe yana zana shanun a ƙasa da tsinke, su kuwa sun shiga gonar mutane. Aka kawo shi Azare karatun sakandare. Bai gama ba mahaifin ya rasu, ya bar makaranta, ya kama fenti. Masu shayi da teloli da masu kemis na garin, da yawansu hannunsa ne ya rubuta musu allon farko. Da wannan sana'a ya auri Bara'atu, da ita ya gina ɗaki biyu a unguwar Matsango.

Da injin buga manyan fostoci ya shigo, aikin fenti ya fara mutuwa a hannunsa yana gani. Abokan sana'arsa wasu suka koma acaɓa, wasu fentin gidaje. Shi kuwa ya haura arba'in, gemunsa ya fara furfura, ya je ya zauna cikin samari a wani shagon kwamfuta yana koyon riƙe linzamin kwamfuta. Ya sha dariya a wurinsu, bai fasa ba. Daga baya ya kama ɗan shago, ya sa kwamfuta ɗaya da firinta da ƙaramin janareto. Katin biki, kalanda, sitikar da ake mannawa a jikin kwalba, fostar makaranta, duk yana yi.

Abin da ya fi ba shi wahala a sabuwar sana'ar shi ne hoto. Lokacin fenti, abin da idonsa ya sani shi hannunsa ke fitarwa. Kwamfuta kuwa ba ta ba ka abin da ba a zuba mata ba. Mai man gyaɗa zai zo ya ce a yi masa sitika, Malam Jalo ya shiga intanet ya ƙona data, sai ya yi ta cin karo da gyaɗar wata ƙasa, fara sol, dogo-dogo kamar yatsu. A nemi saniya, sai a sami mai baƙi da fari marar tozo, irin wadda ba ta taɓa shan ruwan kogin Jama'are ba. Hotuna masu kyau na sayarwa ne, da dala, katin bankinsa kuma ba ya wucewa. Ko ya wuce, hoto ɗaya ya fi ƙarfin mai man gyaɗar. Na kyauta kuwa, wasu da tambarin masu su kwance a tsakiya, wasu ƙanana ne, a waya su yi kyau, in aka buɗa su a kan allo sai fuskar ta watse kamar an jiƙa ta da ruwa.

Wasu masu shagon sukan kwashi hotunan mutane daga shafukan zumunta su buga, ba tambaya. Malam Jalo bai yarda da wannan ba. Ya samo wasu shafuka da masu ɗaukar hoto na duniya ke zuba aikinsu don kowa ya ɗauka kyauta, nan yake nema, kuma zuciyarsa a kwance take cewa bai taɓa abin kowa ba.

A farkon shekarar 2018 wata mata mai suna Hajiya Halimatu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, ta zo masa da aiki. Za ta buɗe makarantar 'yan mata, boko da Islamiyya, tana son babban allo a bakin titi.

"Malam, ba na son 'yar Larabawa ko 'yar Indiya," in ji ta. "Yarinya nake so irin tamu, wadda uba zai kalla ya ga kamar tasa ce."

"Hajiya, me zai hana mu ɗauki ɗaya daga cikin ɗalibanki?"

"Ai ba mu buɗe ba tukuna. 'Ya'yan 'yan uwana kuwa, iyayensu maza ba za su yarda a kafa su a bakin hanya ba. Ka dai duba mana."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Rannan da hantsi ya ci karo da ita: yarinya 'yar kimanin shekara tara, baƙa, siririya, da shuɗin hijabi, zaune a kan tabarma, ta rungume littafi a ƙirji. Ba dariya take yi ba, amma ta kusa. Akwai ɗan tabo a girarta ta hagu. Hoton babba ne, tas, ko an buɗa shi ya kai faɗin bango ba zai watse ba. Malam Jalo ya so ya goge tabon, sai ya ga ya ƙara mata kama da yaran gari, ya bar shi. Hajiya Halimatu ta gani ta ce wannan ita ce. Aka buga, aka kafa allon a kan hanyar da ke shiga kasuwa.

Allon bai yi wata ɗaya a tsaye ba, wata ranar kasuwa bayan azahar mutum biyu suka yi sallama a ƙofar shagon. Namijin Malam Jalo ya san shi da gani: Zarami, Babarbare mai sayar da bandar kifi, wanda ya daɗe a Azare. Macen bai san ta ba. Doguwa ce, da lafaya mai duhu, ƙamshin turaren wuta na tashi daga jikinta. Zarami ya ce ƙanwarsa ce, sunanta Ya Gana, turare take haɗawa tana kai wa gidajen biki. Malam Jalo ya ba su benci. Ita ba ta zauna ba.

"Malam, kai ka yi allon makarantar nan na hanyar kasuwa?" Zarami ya tambaya. "Maigadin wurin ne ya kwatanta mana nan."

"Ni ne. Lafiya dai?"

Ya Gana ce ta amsa, da Hausarta mai nauyin Barebari. "Yarinyar tana ina?"

Bai gane ba da farko. Ya ce ai hoto ne kawai, daga intanet ya ɗauko.

"'Yata ce," in ji ta. "Fadimatu. Tabon nan na girarta, bakin kwale-kwale ne ta faɗa a kai tana shekara huɗu. Ni na tsayar da jinin da gefen zanena."

Zarami ya ba da sauran labarin, a hankali, yana kallon ƙasa. Garinsu a bakin Tafkin Chadi yake. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, a farkon 2015, an kashe mijin Ya Gana, ita kuma ta gudu bakin ruwa da yara uku. A turmutsitsin shiga jirage hannun Fadimatu ya kuɓuce daga nata. Ta iso Azare wurin wanta da yara biyu. Sun yi cigiya a Maiduguri, sun yi a Damaturu, babu wanda ya ga yarinyar. Yau tana cikin keke napep za ta kai turare, ta ɗaga kai ta gan ta. Ta sauka ba ta ko ɗauki kayanta ba, ta tsaya a gaban allon cikin rana har maigadi ya zo ya tambaye ta abin da take nema.

"Kuma ta girma a hoton," Ya Gana ta ce. "Ba haka na rabu da ita ba. Haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba lokacin. Wannan bayan rabuwarmu ne."

Malam Jalo ya juya wurin kwamfutarsa. Ya ce su ba shi lokaci kaɗan. Ya kunna janareto, ya buɗe shafin da ya ɗauko hoton. Ranar da ya ɗauka, girman hoton kawai ya duba. Yanzu ya gangara ƙasa, ya ga akwai sunan mai ɗaukar, wata Baturiya, da ɗan rubutu: yarinya a ajin karatu, sansanin 'yan gudun hijira, yankin Diffa, Nijar, 2016. A gefe kuma an nuna cewa dubban mutane sun ɗauki hoton kafin shi.

Ya karanta musu. Ya Gana ta zauna a kan bencin a lokacin, ta rufe fuska da lafayarta. Ba a ji kukanta ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi.

A yammacin ranar ya tafi gidan Hajiya Halimatu ya gaya mata. Bai gama ba ta ce a sauke allon. Shi da kansa ya hau tsani ya kwance shi, ya naɗe, ya kai shago. Daga baya ya yi mata wani, da hoton littattafai da alƙalami kawai.

Turancin Malam Jalo na karanta umarnin kwamfuta ne, bai kai na rubuta wa baƙuwa irin wannan magana ba. Ya je wurin Malam Sherif, malamin Faransanci a kwalejin ilimi, wanda ya saba kawo masa bugun takardu. Tare suka tsara saƙo, suka aika ta shafin. Aka shiga jira. Ya Gana ba ta dame shi da tambaya ba. Takan biyo ta ƙofar shagon in za ta kai turare, ta gaishe shi, ta kalli fuskarsa, ta gane, ta wuce. Wannan wucewar ta fi masa ciwo a kan a ce ta zo ta zage shi. Bara'atu ta lura ya rage cin abinci.

"Malam, ba kai ka raba ta da 'yarta ba," ta ce masa. "Ƙila ma Allah Ya yi ka sanadi ne."

"Na sani. Amma na ɗauki 'yar mutane kamar yadda nake ɗaukar hoton tumatir. Ko a raina ban ce 'yar wa ce ba."

Amsa ta zo gab da azumi. Baturiyar ta rubuta da ladabi da alhini. Ta tuna ranar, ta tuna ajin, rumfa ce ta tamfol. Amma ba ta san sunan yarinyar ba, ba ta tambaya ba. Abin da take da shi shi ne sunan sansanin da lambar wayar mutumin da ya yi mata tafinta, wani Hussaini. Malam Sherif ya karanta, ya fassara masa.

Lambar ta shiga. Hussaini yana jin Hausa da Barbarci, kuma mutumin kirki ne. Ya ce mutanen wannan sansanin an watsa su wurare daban-daban, amma in aka zo da hoton zai zaga da su. Ya Gana ta ce za ta je. Zarami ya hana, ya ce hanyar ba ta mata ba ce a wannan lokacin, kuma akwai yara biyu da ba su da kowa sai ita. Malam Jalo ya buga hoton ƙanana-ƙanana da yawa a takarda mai kauri, ya rubuta sunan yarinyar da na iyayenta da na garinsu a baya, da boko da ajami. Bayan ƙaramar salla Zarami ya bar kifinsa a hannun maƙwabcinsa ya kama hanya.

Ya dawo damina ta kankama. Bai fara zuwa gida ba, shagon Malam Jalo ya sauka, da jakarsa, ya rame. Ya ce ba zai iya faɗa mata shi kaɗai ba. Suka tafi tare. Ya Gana tana tsakar gida tana tankaɗe garin turare. Da ta gan su su biyu, ta ajiye rariyar, ta shimfiɗa musu tabarma, ta zauna.

Zarami ya yi magana da Barbarci, daga baya ya maimaita wa Malam Jalo da Hausa. Shi da Hussaini sun sami wata tsohuwa mai suna Nana Aisha, ita ta tsinci Fadimatu a cikin jirgin da ya tsallaka da su, ta riƙe ta tare da jikokinta. Yarinyar ta faɗi sunan uwarta, an yi cigiya ta wancan ɓangaren, ba a dace ba. Ta shiga ajin karatu, ta iya rubuta sunanta, ta kai izu biyu a allo. Tsohuwar ta ce yarinya ce mai son tsokana, kuma ita ke yi wa ƙananan kitso. A shekarar da ta biyo bayan hoton, ciwon shawara ya shiga sansanin. Fadimatu ta kwanta, ba ta daɗe ba ta cika, kanta a kan cinyar tsohuwar. An yi mata wanka, an yi mata sutura, jama'a sun sallace ta. An kai Zarami kabarin, ya yi addu'a.

Ya Gana ta yi salati. Sannan ta tambayi wanta abu ɗaya: ko tsohuwar tana dukan yarinyar. Ya ce ya tambayi maƙwabta a ɓoye, kowa ya ce kamar 'yar cikinta ta riƙe ta.

Ta juyo wurin Malam Jalo. "Malam, shekarun nan in na ɗaga hannu ban san me zan roƙa mata ba. In ce Allah Ya tsare ta, ko in ce Allah Ya jiƙanta. Sai in ce duka biyun, in ji kamar na yi laifi. Yanzu na sani."

Aka yi zaman makoki a gidan Zarami kamar ranar aka yi rasuwar. Barebarin garin suka zo, matan da take kai wa turare suka zo, Hajiya Halimatu ta zo da abinci, daga baya kuma ta ɗauki ƙanwar Fadimatu a makarantarta. Ya Gana ta roƙi hoto guda ɗaya, ɗan ƙarami, wanda babu sunan makaranta a jikinsa. Malam Jalo ya kai mata. Malam Sherif ya sake rubuta wa Baturiyar, ta cire hoton daga shafin, ko da yake waɗanda suka riga suka ɗauka ba wanda ya san inda suka kafa shi.

Tun daga nan Malam Jalo bai ƙara ɗauko fuskar mutum daga intanet ba. Ya sayi tsohuwar kyamara a Kano, ya koyi sarrafa ta kamar yadda ya koyi kwamfuta, da kuskure da haƙuri. Ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya hau babur ɗinsa ya fita: Giade, Hardawa, ƙauyukan hanyar Jama'are. Ya ɗauki gyaɗa a kan tabarma, barkono a shanya, shanun huɗa, kwaryar nono, buhunan riɗi, tukwane a bakin kasuwa. In mutum ne, sai ya sauka ya gaisa, ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya tambayi na mutumin, ya gaya masa abin da za a yi da hoton. Yaro kuwa sai ya ga ubansa ko uwarsa. Da yawa sukan ƙi, wasu don addini, wasu don tsoron kada a kai su wani wuri. Ba ya ja. Wanda ya yarda, in ya sake biyowa sai ya kawo masa nasa a buge.

A hankali hotunan suka taru. Samarin da ke da shaguna irin nasa suka fara zuwa nema, don mai shinkafar gida in ya ga shinkafar gida a jikin buhunsa ya fi murna. Yana ba su da sauƙi, wani lokaci ma kyauta, amma in da fuska a ciki sai ya ji aikin da za a yi. Lokacin zaɓe wani yaron ɗan takara ya zo yana son hoton wani dattijo manomi na Giade, za a rubuta a ƙasa cewa manoma suna tare da maigidansa. Malam Jalo ya ce dattijon don tallan iri ya yarda, ba don wannan ba. In suna so ga sunan ƙauyen, su je su tambaye shi. Ba su je ba, kuma ba su ƙara kawo masa aiki ba. Ya ji rashin a aljihunsa, Bara'atu ma ta ji a tukunya, amma ba ta yi masa ƙorafi ba.

'Yan shekarun nan kuma wani abu ya shigo. Yanzu yaro zai rubuta wa kwamfuta abin da yake so, ta ƙera masa fuskar da ba ta kowa ba, nan take. Masu zuwa wurin Malam Jalo sun ragu sosai. Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ya ce hular da ke kan mutumin ba haka ake kafa ta ba, kuma fatar ta cika sheƙi, kamar mutumin bai taɓa shiga rana ba. Amma bai kushe abin gaba ɗaya ba. Ya ce aƙalla wannan ba ta da uwa.

Yau ya haura sittin, idonsa na dama ya fara hazo, likita a asibitin tarayya ya ce sai an yi aiki. Shagon yana nan, babbar 'yarsa Munira ce ke zama a gaban kwamfutar yawancin lokaci. Shi ya fi son fita. A kakar da ta wuce wata ƙungiyar mata masu yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Hardawa ta nemi ya yi musu sitika. Ya je ya same su a wani babban tsakar gida, ana suya, ana matsa. Shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Suwaiba, ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta ce ita ba za a ɗauki fuskarta ba, sauran ma mazajensu ba su ba da izini ba.

"To Inna, hannu fa?" ya tambaya.

Ta dubi hannuwanta, duk mai, fatar ta yi kanta saboda shekarun murza tunkuza. Ta yi 'yar dariya.

"Wannan hannun wa zai so ya gani?"

"Wanda zai sayi man."

Ta gyara zama, ta jawo turmin gabanta, ta ce wa matan su matsa su ba shi haske. Malam Jalo ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya rufe idon da ke hazo, ya jira har man ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsunta.